Albasa da Halin Ruwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar fadama tsakanin Argungu da Gulma da sassafe, a lokacin da ruwa ya fara ja da baya, ba zai rasa ganin yara a bakin gulbi ba. Mukan ga ɗan shekara bakwai ko takwas ya kifa cikinsa a kan gora, yana tuƙa ruwa da ƙafafunsa, idonsa na kan wansa da ke gaba riƙe da homa. Ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa yadda ake yi. Ya buɗe ido ne ya tarar ana yi, shi ma ya yi. A daidai wannan sa'a, can cikin Birnin Kebbi, wani yaro tsaransa yana bayan babur ɗin mahaifinsa, rataye da jakar littattafai, za shi makaranta. Da za a jefa shi cikin wannan ruwa, da sai an yi gaggawar tsamo shi. Amma da a ce an musanya yaran nan biyu ranar haihuwa, da na kan gora shi ne a kan babur, na kan babur kuwa shi ne a kan gora, kowannensu kuma zai rantse cewa haka Allah ya halicce shi.

'Yan'uwa, wannan ɗan abin da ido ke gani kullum yana ɗauke da tambaya mai nauyi: wa ya yi mu haka? Tambayar ba ta masu zaman hira ba ce, domin muna karo da ita a gidajenmu. Uwa takan zo da hawaye a kan ɗanta da ya faɗa shaye-shaye, tana cewa abokai ne suka lalata shi. Ma'aikacin da ya karɓi cin hanci yakan ce kowa haka yake yi a ofis. Saurayin da aka ba kuɗi da gora ranar zaɓe yakan ce manya ne suka aike shi. In gaskiya ne jama'a ce ke yin mutum baki ɗaya, to ba mai laifi a duniya, kuma tuba ba ta da ma'ana. In kuwa jama'a ba ta da hannu ko kaɗan, to za mu ci gaba da dukan yaro saboda irin da mu da kanmu muka shuka a cikinsa. Wajibi ne mu nemi inda gaskiya take tsakanin waɗannan biyu.

Abin da muka tarar

Mu fara da amincewa da girman bashin da ake binmu. Kafin jariri ya san hannunsa na dama, jama'a ta riga ta fara rubutu a kansa. Ranar bakwai ake raɗa masa suna, ba a kuwa nemi shawararsa ba. Sau da yawa sunan ma labarin gidan ne: Tanko ya zo bayan mata, Kande ta zo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Laraba da Ɗanjuma suna ɗauke da ranar zuwansu har kabari. A zamanin kakanninmu wanzami ma yakan zo da askarsa, ya tsaga wa jariri zanen Kabawa a fuska, domin ko a bakin daga, ko a kasuwar wata ƙasa, a san ko ɗan wane gida ne. Yau zane ya ragu ƙwarai, amma zanen da ba a gani da ido yana nan: harshen da muka fara ji a goye, abincin da muke kira abinci, abin da ke ba mu dariya, da abin da ke sa mu sunkuyar da kai.

Dubi kunya. Ba a haifi kowa da sanin cewa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko cewa ba a cin abinci a gaban suruki, ko cewa yaro yakan durƙusa ya gai da babba. Koya aka yi mana, da harara, da tsawa, da yabo, har abin ya zauna a jiki ya zama kamar jini. A shekarar 1974 aka buga wata lacca ta Baturen nan masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, inda ya jera halaye irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Abin lura shi ne, kusan babu ɗaya daga cikinsu da mutum zai iya nunawa yana shi kaɗai a daji. Amana sai da mai ba da ajiya, karamci sai da baƙo, ladabi sai da na gaba. Ashe kirki kansa abu ne na tsakanin mutane.

Bayan gida sai tsara. A fadamun shinkafa na Gulma da kewaye, gayya ta koya wa samari cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya ƙi zuwa gonar wani zai yi noman tasa shi kaɗai. 'Yan'uwanmu da suka fito daga ƙasar Zuru sun san golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma a gonar surukansa tare da tsararrakinsa kafin a ba shi mata. Wanda ya fito daga wannan horo ya fito da jimiri da biyayya ga na gaba, ba mamaki kuwa da aka san ƙasar Zuru da yawan sojoji. Daga nan sai aure ya sake wa mutum suna, ya zama mai gida ko uwar gida, baban wane ko maman wance. Da furfura ta fito sai a fara kawo masa ƙara da neman sulhu, ko yana so ko ba ya so, har ya koyi magana irin ta dattawa. Ranar da ya cika kuma, jama'a ce za ta wanke shi, ta ɗauke shi, ta rufe shi, ta kuma yanke irin labarin da za a riƙa bayarwa a kansa. Daga zanen suna zuwa likkafani, ba inda muka taɓa tsayawa mu kaɗai.

Masana na dā sun ga wannan. Fiye da shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, Aristotal na ƙasar Girka ya koyar cewa an yi mutum ne domin zaman gari, kuma hali na gari da maimaita aiki ake samunsa. Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta ta shekarar 1965 a kan Ikkilisiya cikin duniyar yau, ta jaddada cewa mutum ba zai iya rayuwa ko bunƙasa baiwarsa ba sai cikin cuɗanya da waɗansu. Iyayenmu ba su karanta ko ɗaya ba, amma sun taƙaita zancen da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ruwan da ke ɗauke da laka

Sai dai gulbin da ke kawo kifi shi ne ke kawo ambaliya, kamar yadda manoman shinkafa na jihar nan suka gani a daminar 2020. Jama'ar da ta koya mana gaisuwa ita ce ta koya mana wanda za mu raina. A gindin murhu guda yaro ke jin tatsuniya mai koyar da hikima, a nan kuma yake jin cewa mutanen ƙabila kaza ba su da amana, ko mabiya addini kaza ba a cin abincinsu. Bai taɓa zama da su ba, amma ya gaji ƙinsu kamar yadda ya gaji gonar ubansa.

Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa wanda ya rasu a shekarar 430, ya ba da labarin yadda shi da abokansa suka saci 'ya'yan itacen maƙwabci yana ɗan shekara 16. Ba yunwa suke ji ba, yawancin abin ma aladu suka watsa wa. Da ya tsufa yana binciken zuciyarsa, sai ya gane cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba. Kunyar a ce shi matsoraci ne ta tura shi. Wannan ita ce kunyar da ta juye: maimakon ta hana mugun aiki, sai ta hana ƙin mugun aiki. Ita ce ke sa yaro ya karɓi kwalbar farko a bayan makaranta. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a shekarar 2018, amma doka ba ta iya hana yaro son a karɓe shi cikin tsara. Ita ce kuma ke aiki a cikin taron da ya fusata, inda mutanen da kowannensu ba zai iya yanka kaza ba tare da tausayi ba sukan haɗu su yi abin da ba wanda zai iya faɗa wa 'ya'yansa.

Kada mu ce wannan ciwon waɗansu ne. Mu ma a cikin Ikkilisiya muna da namu. Mukan zauna a benci ƙabila ƙabila. Mukan ba mai kuɗi kujerar gaba ba tare da tambayar inda kuɗin ya fito ba, yara kuwa suna kallo, suna koyon darasin da ba ya cikin katikisma. Bakinmu ma makaranta ce: yarinyar da ta yi kuskure sau ɗaya, in muka yi ta kiranta da sunan kuskurenta, za ta gaji ta zama abin da muke kiranta. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1987 a kan al'amuran zaman jama'a, ya yi magana a kan yadda zunubi kan ginu ya zama tsari, har wanda aka haifa a ciki ya ɗauka haka duniya take. Amma ya kuma nuna cewa tushen irin wannan tsari ayyukan mutane ne ɗaya ɗaya. Ganuwa ba ta gina kanta. Tubali tubali aka jera ta.

Abin da tarihin Kabi ya koya mana

To, shin mutum ganye ne kawai a kan ruwa, duk inda igiya ta nufa nan ya nufa? Tarihin ƙasar nan da muke zaune a cikinta yana da amsa.

Daular Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16 da hedkwatarta a Surame, ta rasa Birnin Kebbi a hannun mayaƙan jihadi a shekarar 1805. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka ci gaba da faɗa, har aka kashe Sarkin Kabi Karari wajen 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Shekaru da dama ya yi a can, yana cin tuwon fadar, yana ganin tsarinta, har aka amince da shi aka sake shi a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Duk mai cewa wurin zama shi kaɗai ke yin mutum zai ɗauka Nabame ya zama Basakkwace ke nan. Amma a shekarar 1849 ya ɗaga tutar Kabi a Argungu. Gidaje biyu suka rene shi, kowanne da kiransa, shi ne kuma ya zaɓi wanda zai amsa. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Musa, wanda ya girma a gidan Fir'auna, ya sha nonon Ba'ibraniya, ranar zaɓi kuwa ta same shi kamar yadda takan sami kowa.

Ba muna yanke hukunci a kan wane gefe ke da gaskiya a yaƙe-yaƙen nan ba. Abin da muke so mu lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. Gaba tsakanin Argungu da Sakkwato da Gwandu ta ci gaba har zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20. Tsara bayan tsara, an haifi yara a gefe biyu an koya musu wane ne maƙiyi tun suna goye. Sai a shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama kuma ya karɓe shi, aka shirya babban su domin girmama baƙo. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo asalinsa a yadda muka san shi, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya abin adanawa a shekarar 2016. Sarakunan nan biyu duk cikin labarin gaba suka tashi. Da sun ce haka muka tarar, da ba wanda zai zarge su. Ɗaya ya yarda ya yi tafiya, ɗaya ya yarda ya shimfiɗa tabarma, sai jikokin maƙiya suka tashi suna tsalle cikin Matan Fada kafaɗa da kafaɗa. Jama'a ta yi sarakunan, su kuma suka juya suka sake yin jama'ar.

A zamaninmu ma an ga irin wannan. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, wani limami mai shekara 83, Abubakar Abdullahi, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Ba daga sama ya faɗo ba. Wani ne ya koya masa tun yana yaro cewa ran mutum abin girmamawa ne, baƙo kuma amana ne. Amma waɗansu ma sun ji wannan koyarwa, ba su tsaya a ƙofa ba. Koyarwar daga jama'a ta zo. Tsayuwar tasa ce.

Lamiri da aikin da ke gabanmu

Hausawan da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Manoman albasa na Aliero sun fi kowa sanin wannan: ruwa mai sanyi take sha safe da yamma, ta fito da yaji. Yawanci akan yi karin maganar ne a kan ɗan da ya bar halin kirki na iyayensa, amma gaskiyar da ke cikinta kaifi biyu gare ta. In ɗan mutumin kirki na iya lalacewa, to ɗan ɓarawo ma na iya zama amintacce. Akwai wani abu a cikin mutum wanda ba gida ne ya sa shi ba, ba kuma tsara ba. Shi muke kira lamiri, wato muryar nan da ke cewa a'a ko da duk gari na cewa i. Jama'a na iya horar da lamiri, tana iya dusashe shi, amma ba ita ta halicce shi ba, shi ya sa yake iya juyowa ya tuhume ta.

Daga nan amsar tambayarmu ta fito. Jama'a ce ke ba mu gona, da iri, da fartanya, har da ciyawar da muka tarar a ciki. Ba mu muka zaɓi gonar ba, ba kuma za a tambaye mu dalilin da ya sa tamu ta fi ta wani duwatsu ba. Abin da za a tambaye mu shi ne noman da muka yi. Saboda haka adalci ya hana mu auna yaron da ya tashi a tasha ba uwa ba uba da mudu ɗaya da wanda ya tashi a gaban iyaye. Amma ƙauna ta hana mu ce masa ba shi da laifi ko kaɗan, domin wanda aka ce ba ya iya laifi an ce ke nan ba ya iya gyaruwa, an kuma ƙwace masa mutuncinsa na ɗan Adam. Akan ce hali zanen dutse ne, amma mun sha ganin mashayi ya bar kwalba yana da shekara hamsin, mun ga mai rowa ya buɗe rumbunsa da tsufa. Muddin da sauran numfashi, ba a gama rubutun ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi nauyi. Mun saba faɗin jama'a kamar wata dodanniya ce da ke can waje. Jama'a mu ne. Kowannenmu, ko bai sani ba, ruwa ne da wata albasa ke sha. Mahaifin da ya aiki ɗansa ya ce wa mai bin bashi ba ya nan, ya ba da darasi. Malamar da ta ƙi sayar da maki ta ba da darasi. Mai shagon da ya cika mudu ga Musulmi da Kirista daidai ya yi wa'azin da ya fi na bagade nisa. A yau kuma, da waya ta shiga hannun kusan kowane saurayi, tsarar 'ya'yanmu ba ta tsaya a unguwa ba. Mutanen da ba mu taɓa gani ba suna yi musu tarbiyya cikin dare. In muka bar gurbinmu, wani zai cika shi.

Don haka muna roƙon kowane gida ya zauna ya yi wa kansa tambayoyi uku. Me muka gada wanda ya cancanci mu riƙe da hannu biyu, kamar gaisuwa, da gayya, da girmama tsofaffi? Me muka gada wanda ya kamata ya ƙare a kanmu, kada ya kai ga jikokinmu? Wane yaro ne kuma a unguwarmu, namu ko na maƙwabci, wanda ba shi da wan da zai bi a cikin ruwa? Ƙungiyoyinmu, daga Zumuntar Mata zuwa ta matasa da mawaƙa, su tuna cewa su ma tsara ce, kuma yaron da bai sami wurin zama a cikinsu ba zai same shi a wani wuri.

Masunta na Argungu ba sa faɗa wa ruwa haka kawai. Kafin a buɗe su, Sarkin Ruwa da mutanensa sukan yi gyaran ruwa, akan kuma hana kamu a Matan Fada har kifi ya girma. Sun san cewa wanda ke son kamun baɗi dole ya kula da ruwan bana. Yaron nan da muka gani a kan gora yana nan yana kallon wansa, wan kuma yana kallonmu. Allah ya ba mu ikon gyara ruwan da 'ya'yanmu ke iyo a ciki, ya kuma ba su zuciyar da za ta iya yin iyo gaba da igiya ranar da igiya ta karkace. Amin.